Da Hannuna Na Kai Haladu

Kun sha tambayar Innarku abin da ya raba ni da kwamitin tsaro na garin nan, da abin da ya sa na yi wajen shekara uku ina zagayawa ta bayan injin niƙa in za ni masallaci, alhali ga hanya miƙaƙƙiya ta ƙofar gidan Goggo Abu. Takan ce ku tambaye ni, ku kuma kunya ba ta bar ku kun tambaya ba. Wasunku sun tsinci labarin a bakin mutane, amma mutane sun yi mini sassauci wajen ba da shi fiye da yadda na cancanta. Yanzu idona ya fara rauni, hannuna ma yakan yi rawa in na daɗe riƙe da biro. Gara in rubuta muku shi tun ina iyawa, yadda ya faru, ba yadda na so a ce ya faru ba.

Shekara ta biyu ce bayan na ajiye aikin hedimasta. A daminar ce 'yan bindiga suka fara matsowa kusa da mu. Da can labarinsu muke ji daga yamma, sai ga shi ana ɗauke mutum a gonarsa da rana tsaka. Masara ta kai ƙugu, amma mai ita ba ya iya zuwa ya zuba mata taki. Duk gonar da ta haye rafi an bar wa ciyawa. A cikin wannan hali aka kafa kwamitin da zai riƙa haɗa 'yan sanda da mutanen gari, aka ce ni ne shugaba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Mutumin da ya saba kullum yara su miƙe tsaye in ya shigo, idan ya wayi gari ba mai jiran umarninsa, zaman gida yakan yi masa nauyi. Sai ga ni ina shiga ofishin 'yan sanda ba mai tare ni, ƙananan cikinsu suna sara mini, babbansu da muke kira Difi'o yana tashi ya ba ni kujera yana ce mini Ciyaman. Kuma don adalci sai in faɗa, su ma mutanen nan suna cikin wuta. Ban cika wata guda da shugabanci ba aka kashe biyu daga cikinsu a wani kwanton ɓauna, ni na raka gawar ɗaya har gidan iyayensa, na ga yadda uwarsa ta zauna a ƙasa ta kasa kuka. Daga nan na shiga bin masallatai ina ce wa mutane su daina tsoron kaki, duk wanda ya ga baƙuwar fuska ya zo ya faɗa, ba abin da zai same shi. Mutane suka fara yarda, saboda ni ne na faɗa, kuma yawancin magidantan garin nan ni na koya musu karatu.

A wannan lokacin, kai Kabiru, kana neman shiga aikin ɗan sanda. Sau biyu kana cike takarda sunanka bai fito ba. Difi'o ya ce in kwantar da hankalina, wannan karon zai yi magana da wani. Ban kawo wannan don in ɗora maka kome ba, na kawo shi ne don yana cikin labarin.

Haladu ɗan marigayi Mamman Tela ne, abokina tun muna yara. Bakaniken babura ne, rumfarsa tana bakin tasha. Ya ɗan haura shekara talatin, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙanensa Sabi'u. Mahaifiyar ita ce kuke ce wa Goggo Abu, har ni ma na bi bakinku. A aji Haladu ba ya cikin masu ƙoƙari, lissafi ya sha wahalar da shi, amma in babur ya taho daga nesa, da jin ƙararsa zai gaya maka abin da ke damunsa. Ranar kasuwa tun hantsi har almuru kansa na duƙe, ba ya tambayar kowa daga ina ya fito. Wata rana aka yi arangama da ɓarayin a bayan gari, suka gudu suka bar babur guda. Wani ya ce ya ga wannan babur ɗin a rumfar Haladu ranar kasuwar da ta wuce. Kafin la'asar magana ta zama Haladu ne mai yi musu gyara. 'Yan sanda suka je rumfar ba su same shi ba, wani ya riga ya tsegunta masa, ya ɓace daga gari.

Bayan kwana biyu Difi'o ya aiko a kira ni.

"Ciyaman, an ce yaron nan ɗalibinka ne."

"Ɗalibina ne, Yallaɓai, kuma ɗan abokina. Ban san shi da wannan hali ba."

"Ni ma ban ce yana da shi ba. Tambaya ce kawai. Ya gaya mana kamannin wanda ya kawo babur ɗin, ya sa hannu, ya koma rumfarsa. Amma in ya ci gaba da ɓuya, maganar za ta fita daga hannuna. Akwai wasu 'yan sintiri na musamman da aka turo yankin nan, su ba sa tambaya sau biyu. Ka kawo mini shi da kanka, shi ne rufin asirinsa."

Na tambaye shi ko yaron zai kwana a wurinsu. Ya ce in ya yi yawa kwana ɗaya. Ya dafa ƙirjinsa ya ce amana ce. Har yau ban san ko ya san ƙarya yake yi ba a lokacin, ko kuwa shi ma haka ya zata. Na juya wannan a raina sau ba adadi, ban samu amsa ba.

Da na dawo gida na gaya wa Innarku. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ka bar shi inda yake. In ƙura ta lafa zai dawo da ƙafarsa."

"Ke ba ki san yadda aikin hukuma yake ba."

"Ban sani ba. Amma na san kai za ka kai shi, ba kai za ka kwana da shi ba."

Na ji haushin maganar. Na ɗauki hulata na nufi gidan Goggo Abu. Na same ta a tsakar gida tana tsinkar rama, matar Haladu tana gefe da goyo. Na yi musu bayani irin wanda na saba yi a masallatai, cewa ɓuya ita ke mai da mai gaskiya mai laifi, cewa Difi'o mutumina ne, cewa zamani ya canza. Goggo Abu ta bar ni na gama, sannan ta ajiye ƙwaryar.

"Malam, kai da bakinka ka ce ba abin da zai same shi?"

"Ni na ce. Da hannuna zan kai shi, da hannuna zan dawo miki da shi."

"Da wani ne ya zo da wannan magana, da na ce ban san inda yake ba. Amma kai ne. Yana Maska, gidan yayana."

Washegari, ranar Litinin, na hau tsohon babur ɗina na kama hanya. Na iske Haladu a bayan gida yana taya kawunsa gyaran injin feshi, don shi hannunsa ba ya iya zama. Yana sanye da shuɗiyar rigar aikinsa, wadda aka yi wa faci da jan zare a aljihu. Da ganina ya durƙusa ya gaishe ni, amma idonsa yana kan hanya, yana duba ko akwai wanda ya biyo ni.

"Baba Malam, wallahi ban san mutumin ba. Filogi na canza masa, na ɗaure masa kaca, ya tafi."

"To ai abin da za ka gaya musu ke nan."

"Tsoronsu nake ji."

"Ga ni, tsoron me?"

Kawunsa bai so ba. Ya ce a bari a samu wani mai ilimin shari'a ya raka shi. Na ce hakan zai sa a ga kamar akwai abin da ake ɓoyewa. Haladu ya dube ni, ya dubi kawunsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko wayarsa. Shi ya karɓi tuƙi, ni ina baya. Mun wuce Funtua kaɗan babur ya yi tari ya mutu. Ya tsuguna a gefen titi, ya kwance filogi ya hura, ya goge shi da gefen rigarsa, ya mayar, bugu ɗaya ya tashi. Ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko ran nan.

"Baba Malam, wannan babur ɗin naka shi ma ya kamata ya yi ritaya. Ka kawo mini shi ran Asabar in duba maka shi sosai."

Da muka shigo gari muka zo kwanar da ke shiga unguwarsu, sai ya rage gudu. Ya ce ko za mu ɗan tsaya ya leƙa iyalinsa, kwana uku bai gan su ba. Na ce a'a, mu fara gamawa da wancan, in mun fito sai ya je da hankali kwance. Gaskiyar magana tsoro nake yi kada mata su yi kuka ya fasa, in koma wurin Difi'o hannu wofi. Bai yi mini musu ba. Ya miƙe hanya.

Bayan azahar muka shiga ofishin. Kofur ɗin da ke kan kanta ya rubuta sunansa a babban littafinsu, ya rubuta lokaci, ni kuma na sa hannu a matsayin wanda ya kawo shi. Aka karɓi wayarsa da bel ɗinsa da takalmansa. Difi'o ya fito ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce da kowane gari yana da irina da aikinsu ya yi sauƙi. Ya aika aka kawo mini lemo mai sanyi, na zauna na shanye. Ran Talata na kai wa Haladu abinci, na gan shi ta bayan ƙarafa, lafiyarsa lau, ba wanda ya taɓa shi. Ya tambaye ni ko yau ne za a sake shi. Na ce Difi'o ya fita, in ya dawo. Ran Laraba na sake komawa da kwanon abinci. Kofur ɗin bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce 'yan sintirin nan sun zo jiya da yamma sun tafi da shi, zai nuna musu wani wuri. Na ce wane wuri? Ya ce shi ma bai sani ba. Na dawo gida da kwanon yadda na tafi da shi, na biyo ta gidan Goggo Abu na ce mata ana kan bincike, ta ƙara haƙuri.

Ran Alhamis bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, Sabi'u ya zo ya tsaya a kaina. Bai yi sallama ba. Ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, kai ka iya Turanci. Karanta mini abin da suka rubuta."

Hoto ne. Gawa huɗu a jere a ƙasa, bayan mota a-kori-kura, an jera bindigogi a gabansu. A ƙasa an rubuta cewa jami'an tsaro sun yi musayar wuta da 'yan bindiga a cikin daji, sun hallaka huɗu. Na uku a jerin yana sanye da shuɗiyar riga mai facin jan zare a aljihu, ƙafarsa ba takalmi. Na daɗe ina duban wayar. Sabi'u ya karɓi abarsa ya tafi, bai jira na karanta masa ba.

Da safe na je wurin Difi'o. Ya sallami wanda ke ciki, ya rufe ƙofa.

"Ciyaman, ni ma abin ya dame ni. Sun zo da takarda daga sama, ba ni da ikon hana su."

"Yallaɓai, an ce a daji aka kashe shi yana harbi. Ni na kawo shi nan. Na sa hannu a littafinku."

"Littafin nan an tafi da shi." Ya rage murya. "Bari in ba ka shawara, don ina ganinka kamar uba. Mutanen nan sun riga sun tambaye ni yadda aka yi ka san inda yake ɓoye, alhali mu ba mu sani ba. Na ce musu kai namu ne. Kada ka sa su sake tambaya."

Na tashi zan fita, har na kama ƙofa, sai ya ce:

"Maganar Kabiru tana nan, ban manta ba."

Na ce na gode. Abin da na faɗa ke nan, kuma shi kaɗai na faɗa. Kwana ɗaya da ganin gawar ɗan abokina a hoto, na ce wa mutumin nan na gode.

Ba a ba danginsa gawar ba. Sun je sun dawo, kowane ofishi ya ce ba nan ba ne. Haladu bai samu wanka ba, bai samu likkafani ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansu aka yi zaman makoki ba tare da an kai kowa makwancinsa ba. Na je na zauna daga can gefe. Ba wanda ya ce mini kome, kuma ba wanda ya matsa ya ba ni wuri. Ban shiga ciki na yi wa Goggo Abu gaisuwa ba. Na ce wa kaina ba yanzu ba, sai zuciyarta ta ɗan yi sanyi.

Bayan sadakar bakwai Sabi'u ya sake zuwa. Wannan karon ya yi sallama, ya durƙusa. Ya ce ya samu wani lauya a Funtua mai taimaka wa talakawa a irin wannan lamari, kuma lauyan ya ce duk maganar ta tsaya a kan abu ɗaya, shaidar wanda ya miƙa Haladu.

"Ba mu ce ka zagi kowa ba, Malam. Ka rubuta cewa ran Litinin bayan azahar ka miƙa shi da ransa, kuma ran Talata ka gan shi a tsare. Layi biyu."

"Sabi'u, ka yi haƙuri. Wanda ya tafi ba zai dawo ba. Mu bar wa Allah."

Ya miƙe tsaye, ya karkaɗe gwiwar wandonsa.

"Da za ka ɗauko shi daga Maska ai ba ka bar wa Allah ba."

Da abin ya tsaya a nan, da na ce tsoro ne, kuma tsoro kowa ya san shi. Amma bai tsaya ba. Bayan mako uku aka ce wani babban jami'i zai zo rangadi. Aka kafa rumfa a filin makarantar da na shugabanta, aka jera kujeru, aka ɗaure lasifika a kan bishiyar darbejiya. Ni ne shugaban kwamiti, ni zan karanta jawabin maraba. Ni na rubuta shi da hannuna a ɗakina, ba wanda ya gaya mini abin da zan sa. Na gode wa jami'an tsaro bisa nasarar da suka samu ta kawar da miyagu huɗu da suka addabi yankinmu. Haka na rubuta, haka na karanta, da muryata ta hedimasta. Waɗanda ke kan kujeru suka yi tafi. Mutanen garin da ke tsaye a rana ba su yi ba. Na so babban jami'in ya ji, ya tabbata ni nasu ne, kada a sake tambayar yadda aka yi na san hanyar Maska. Da na dawo gida Innarku ta ajiye mini abinci, ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Lasifikar ta kawo har nan. Gidan Goggo Abu kuwa ya fi mu kusa da makaranta."

Bayan kaka sunan Kabiru ya fito. 'Yan barka ba su yi yawa ba.

Daga wannan daminar garin nan ya rufe bakinsa. In na kira taron kwamiti, benci ne kawai ke jirana. Ranar kasuwa mutane sukan ga baƙi suna sayen burodi da mai fiye da kima, kowa ya kau da kai. Da aka ɗauke wasu masu girbi a gonar da ke bakin rafi, daga baya aka gane kwana uku mutane suna ganin masu leƙen hanya, ba wanda ya je ya faɗa. Ba don suna son ɓarayin ba, ai su ne ake ɗauka. Sun dai ga yadda aka yi da wanda ya je ofishin da ƙafarsa. In motar 'yan sanda ta shigo kasuwa, sai ka ga masu shaguna suna jawo ƙofa, mata suna kiran 'ya'yansu. Aka canza Difi'o, aka kawo wani, mutum mai sauƙin kai, wanda na yi imani yana son yin aiki. Ya bi majalisu yana roƙon mutane su ba shi haɗin kai, ya ba da lambar wayarsa, ba wanda ya kira. Ya tambaye ni abin da ke damun mutanen garin nan. Na ce masa jahilci ne. Wata safiya ina wucewa ta bayan teburin mai shayi na ji wani magidanci, tsohon ɗalibina, yana ce wa ƙanensa in aka zo nemansa ko Malam ne ya zo da rantsuwa kada ya bi shi. Bai san ina baya ba. A makon na rubuta takardar ajiye shugabanci, na ce ciwon ƙafa ne. A wannan ma ban faɗi gaskiya ba.

Haka na zauna har shekara ta uku, lokacin da kai Kabiru ka zo hutu cikin kakinka. Ka fita da yamma gaida mutane, ba ka daɗe ba ka dawo, ka zauna kusa da ni a kan tabarma.

"Baba, me na yi wa mutanen garin nan? Na je majalisarmu, ina zama kowa ya tuna yana da uzuri."

Na ce maka ka yi haƙuri, halin mutane ne. Ga amsar da na hana ka ran nan, ita ce duk abin da ke cikin wannan takarda. Ba kai ka yi musu kome ba. Na ji an ce kana aikinka da tsoron Allah, kuma ina fata haka ne. Amma duk ranar da wani dattijo ya kawo maka mutum da hannunsa, ka san ba mutum ɗaya ya miƙa maka ba, ya miƙa maka yardar duk wanda ya gan su sun shigo.

Washegarin wannan magana na bi miƙaƙƙiyar hanyar. Goggo Abu ta tsufa fiye da shekarun da suka wuce, idonta ya fara hazo, amma ta gane muryata tun daga zaure. Na tsuguna a tsakar gida na gaya mata kome, har maganar kwanar da na hana shi shiga, har maganar Kabiru, har godiyar da na yi. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Ban taɓa cewa kai ka kashe Haladu ba," in ji ta.

Ɗan farinta ne, tun haihuwarsa ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba sai ran nan.

"Da zuciya ɗaya ka ɗauko shi, na sani. Abin da ban gane ba shi ne takardar da ka karanta. Ina zaune nan inda nake na ji ka ce miyagu. 'Ya'yansa ma sun ji."

"Ki yafe mini, Goggo."

"Nawa na bar shi tuntuni, don in samu in riƙa barci. Amma sunansa ba nawa ba ne ni kaɗai. A gaban jama'a ka ɓata shi, ba a tsakar gidan nan ba."

A makon na je Funtua na nemi lauyan, na rubuta layi biyun da aka roƙe ni, na ƙara da duk abin da na sani, na sa hannu. Ya karɓa ya sa a fayil. Ya ce da a lokacin na kawo da akwai abin da za a iya yi, yanzu ba littafi, ba gawa, jami'an ma an warwatsa su wurare, amma zai gwada. Har yau da nake rubuta wannan ba abin da ya fito.

Ran Juma'a na roƙi Liman ya ba ni lasifika bayan sallah. Na miƙe a gaban sahu, ban riƙe takarda ba. Na ce ni Isiyaku ni na ɗauko Haladu ɗan Mamman Tela daga Maska, da yardarsa ya biyo ni, ni na miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa, ba bindiga a hannunsa, kuma washegari na gan shi a tsare. Na ce abin da na karanta a filin makaranta ƙarya ce, na san ƙarya ce lokacin da nake karantawa, kuma ba wanda ya tilasta ni. Na zaci wani zai zage ni, ko wani ya ce Allah ya yafe mana. Can sai Baba Iro, tsohon mai facin taya da rumfarsa ke kusa da ta Haladu, ya yi gyaran murya daga inda yake zaune.

"Ai mun sani, Malam. Ranar da kuka shigo gari yana tuƙa ka, duk muna bakin tasha. Kai kaɗai ne ba ka faɗa ba."

Mutane suka tashi suka shiga neman takalmansu. Sabi'u yana sahun baya. Bai zo wurina ba, ni ma ban je wurinsa ba. Har yau in mun haɗu a hanya yakan amsa sallamata. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, kuma ban nemi ƙari ba.